Kundin horon sabbin nas kan kula da majinyacin da ciwo ya tsananta, Jos

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Yau muka buɗe aji. Nas goma sha biyu asibiti ya ware mana, dukkansu ba su daɗe da karɓar lasisi daga hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ba. Za mu riƙa haɗuwa bayan an miƙa dutin safe, a wani tsohon ɗakin ajiya da ke bayan wod ɗin maza. Kayan aikinmu ba su da yawa: mutum-mutumin roba mai rabin jiki, jakar ambu biyu (jakar roba da ake matsawa da hannu a hura wa majinyaci iska), 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa guda uku, sai allo.

Wannan ba kwas ɗin ƙwarewa ba ne irin wanda nas ke komawa makaranta ta yi. Sharar fage ce kawai. Da na kai wa Matron tsarin, abin da ta fara tambaya shi ne, "Sista, mu da ko injin numfashi ɗaya ba mu da shi, me za ki koya musu?" Na ce mata, "Ranki ya daɗe, majinyacin da nake nufi ba a ɗakin kulawa ta musamman yake ba, yana nan kwance a wod ɗinmu." A farkon shekarar nan mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. An gano cewa cikin kowane majinyaci takwas da ke kwance, ɗaya yana cikin mawuyacin hali. Kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan yana rasuwa kafin kwana bakwai. Kuma kusan kashi 69 cikin 100 nasu a wod na gama-gari suke. Wato wadda ke tsaye a kansu ƙarfe biyun dare ba ƙwararriya ba ce, yarinya ce da ta gama makaranta bara.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ƙirga numfashi. Na ɗebo tsoffin takardun awo, na rufe sunayen masu su, na baza a tebur. Bugun zuciya yana hawa yana sauka, zafin jiki haka, awon jini haka. Amma layin numfashi daga sama har ƙasa 20, 20, 20, wani lokaci 18 don a canza hannu. Na tambaye su ko akwai ɗan Adam da numfashinsa ke tsayawa a lamba ɗaya kwana da kwanaki. Aka yi dariya, domin kowa ya san yadda ake samun wannan 20 ɗin: kallo ɗaya ake yi wa majinyaci a rubuta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ban da a nan.

Abin takaicin shi ne numfashi yana cikin alamomin da kan riga sauran canzawa idan jiki ya fara gazawa. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda ya kai 25 ko ya haura, ko ya sauka zuwa 8, ba a barinsa sai zagayen safe. Awon jini yana iya zama daidai na tsawon sa'o'i, musamman a jikin matashi mai ƙarfi, alhali ƙirji ya daɗe da fara haki.

Na sa su bibbiyu, kowa ya ƙirga na ɗan'uwansa minti ɗaya cur da agogo. Dabarar ita ce kada majinyaci ya san numfashinsa ake ƙirgawa, don da ya sani zai canza shi. Ka riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jijiya kake ji, idonka kuwa yana kan ƙirji. Minti ɗaya ya yi musu tsawo ƙwarai. Wani ya ce, "Malama, idan gado talatin ne ni kaɗai fa?" Tambaya ce ta gaskiya. Abin da muka tsayar shi ne, duk wanda ya fito daga tiyata, da mai zazzaɓi mai zafi, da wanda ke kan oksijin, da wanda 'yan'uwansa suka ce "yau dai ba mu gane masa ba", waɗannan minti ɗaya ne ba ragi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Mun shiga tsarin ba da maki. Wanda muka ɗauka shi ne NEWS2, na ƙungiyar likitocin Ingila da ke Landan. Sun fitar da na farko a 2012, suka gyara shi a 2017. Abu shida ake aunawa: numfashi, yawan oksijin a jini, lambar sama ta awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, da ko mutum yana cikin hayyacinsa. Kowanne yana da maki daga 0 zuwa 3, a ƙara 2 idan yana kan oksijin. Jimla ta kai 5, a kira likita da gaggawa. Ta kai 7, a bar duk abin da ake yi.

Misalin da na rubuta a allo: numfashi 23, oksijin 94, awon jini 108, bugu 104, zafi 38.3. Na ce wa zai tashi likita daga barci saboda wannan? Babu wanda ya ɗaga hannu, kuma ban ga laifinsu ba, domin babu lamba ɗaya a ciki mai ban tsoro. Da muka haɗa maki ya ba mu 6. Amfanin tsarin ke nan, yana tattara ƙananan alamu da kowanne shi kaɗai za a iya yi masa uzuri. Na ja kunnensu cewa ba a yi shi don yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko masu juna biyu ba.

An ba mu izinin buga takardar awo mai launi, amma launi kuɗi ne. A yanzu baƙi da fari za mu buga, mu ja layin haɗari da jan biro.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Hanyar iska da jakar ambu. Kafin su taɓa jakar na ba su labarin Kwapanhagan, babban birnin Denmak, a 1952. Annobar shan-inna ta cika asibiti da mutanen da numfashinsu ya shanye, injinan da ake da su ba su taka kara sun karya ba. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa tura iska da jakar roba. Da wata yarinya 'yar shekara 12 aka fara, ta rayu. Daga nan aka kwaso ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jaka da hannu makonni da watanni, mace-mace suka ragu sosai. A shekarar da ta biyo baya, 1953, Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne na farko na kulawa ta musamman. Na fi son wannan labari da kowanne saboda waɗanda suka riƙe rayukan nan ɗalibai ne.

Sai aiki. Matsa jaka ba wuya, riƙe abin rufe fuska yadda iska ba za ta zurare ta gefe ba shi ne aikin. Babban yatsa da manuni a kan robar, sauran ukun a ƙarƙashin muƙamuƙi suna ɗago shi sama. Yawancinsu danna fuskar suke yi ƙasa, wanda ke ƙara toshe hanya. Kuma duk suna sauri. Ga babba, matsa ɗaya kowane daƙiƙa shida ya isa, gwargwadon yadda za a ga ƙirji ya ɗaga. Fiye da haka ciki ake cikawa da iska, amai ya biyo baya. Idan akwai mutum biyu, ɗaya ya riƙe da hannu biyu, ɗaya ya matsa.

Mun yi bambancin wanda ya suma a gado da wanda aka kwaso daga hatsarin mota, irin waɗanda ake kawowa daga Hawan Kibo. Na farko a karkata kai baya a ɗaga haɓa. Na biyu ba a wasa da wuyansa, muƙamuƙi kaɗai ake turowa gaba.

Danna ƙirji ga wanda zuciyarsa ta tsaya mun taɓa shi sama-sama, tunda sun yi a makaranta: 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura 2. Katifun wod ɗinmu suna lotsawa, don haka kafinta zai yanko mana katako biyu da za a riƙa zurawa a bayan majinyaci.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Sanyi ya sauka sosai, ya kuma shigo cikin darasin oksijin da kansa. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, da asuba yatsun majinyata kamar ƙanƙara, na'urar yatsa kuwa ba ta karatu da kyau idan jini ba ya gudana a fata. Sai ta nuna 82 ga mutumin da ke hira da kai, ko ta ƙi nuna komai. A murza hannun ya ɗumama, a gwada wani yatsan, a duba ko bugun da na'urar ke nunawa ya yi daidai da wanda ake ji a jijiya.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari domin ba ta da alama. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka nuna cewa na'urar tana iya nuna lamba mai kyau alhali oksijin ɗin jini ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku. Kusan duk majinyatanmu ke nan. Saboda haka wanda na'ura ta ba 93 amma yana haki, hancinsa na buɗewa, ba ya iya ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, a yarda da jikinsa.

Lissafin tukunyar oksijin ya ba su wahala, amma sai mun yi. Robar hanci lita 1 zuwa 5 a minti, abin rufe fuska 6 zuwa 10, mai jaka a ƙasa 10 zuwa 15. Ƙaramar tukunya mai cin kimanin lita 680, idan aka buɗe ta a lita 15, minti 45 ne ta ƙare. Wanda zai raka majinyaci zuwa asibitin koyarwa a Lamingo ya yi wannan lissafi tun kafin a tada mota, ya sa cunkoson hanya a ciki. Injin tace oksijin kuma da wuta yake aiki. Aka ɗauke wuta, kafin a tada janareto dole akwai tukunya a kusa, da sifana a rataye a jikinta, ba a aljihun wanda ya tafi gida ba.

Sai abin da littafi ba zai kawo ba. Lokacin hunturu leɓe na tsagewa, masu jinya na shafa wa majinyaci basilin, shi kuwa maiƙo da oksijin ba sa haɗuwa, gobara ce. Haka mai shigo da kaskon gawayi ko risho cikin dare don jin ɗumi. Mun rubuta wannan da Hausa da Turanci mun manna a ƙofar kowane wod.

Juma'a, 5 ga Disamba

Darasin da na fi dakon zuwansa: kiran likita. Duk awon da muka koya banza ne idan lambar ta tsaya a takarda. Na zauna a kujera na juya musu baya, na zama likitan da aka tasa daga barci, kowa ya kira ni a waya.

Ta farko ta fara, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da dare. Ya aiki? Don Allah ka yi haƙuri na tashe ka. Dama wani bawan Allah ne a nan, to jikin nasa dai sai a hankali, ko za ka ɗan leƙo idan ka samu sarari?" Na ce, "To, a ci gaba da lura da shi," na kashe. Ajin ya yi tsit, don duk sun taɓa jin wannan amsa.

Yarinyar ba ta yi laifi ba, tarbiyya ce. An raine mu a kan cewa ƙarami ba ya umartar babba, ba a faɗin mugun labari gatsau, kuma idan aka tambayi jikin mara lafiya "da sauƙi" ake cewa ko da yana gargara. Waɗannan ɗabi'u suna da kyau a zaure. Ni ban ce su daina gaisuwa ba. Wanda ya kira babba bai gaishe shi ba ya riga ya rufe kunnen da yake nema. Gaisuwa ɗaya, sai abu huɗu a jere: abin da ke faruwa yanzu, abin da ya kawo majinyacin, abin da ka auna, abin da kake so a yi da kuma yaushe.

Bayan an sha maimaitawa, ga yadda ta koma: "Barka da dare, Likita. Nas ce daga wod ɗin maza, gado na 7. Numfashinsa ya tashi daga 20 zuwa 28 cikin awa biyu. Shekaranjiya aka yi masa tiyatar hanji bayan taifot. Bugu 124, awon jini 92 bisa 60, zafi 39, fitsarin awa huɗu bai kai mil 60 ba. Ina tsoron ƙwayar cuta ta shiga jini. Na sa masa oksijin. Ina so ka zo yanzu. Kafin ka iso, in buɗe ruwa?" Muryarta na rawa wajen "ka zo yanzu", amma ta faɗa.

Na kai maganar taron likitoci, don koyar da mai kira kaɗai rabin aiki ne. Babban likita ya amince cewa idan maki ya kai 7 aka kira ba a samu amsa cikin minti goma sha biyar ba, nas na da ikon tsallakewa ta kira na sama, kuma ba za a tuhume ta da rashin kunya ba. Na roƙa a rubuta a sa hannu. An ce za a yi.

Talata, 16 ga Disamba

Wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ma'aunin Gilasgo mai auna zurfin suma, na likitoci Teasdale da Jennett tun 1974: ido maki 4, magana 5, motsi 6, jimla daga 3 zuwa 15, kuma 8 ko ƙasa da haka na nufin mutum ba zai iya kare maƙogwaronsa ba. Na ce duk wanda ya rikice ko barcinsa ya yi nauyi a soki yatsa a auna suga kafin a fara dogon tunani. Ƙasa da 3.9 a gyara nan take. Sauran kuma aikin hannu ne da ba ya ƙarewa: ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, juya shi kowane awa biyu saboda gyambon kwanciya, goge baki, zuƙe majina kada ya wuce daƙiƙa 15, auna fitsari a tabbatar ya kai rabin mil a kowane kilo na nauyinsa a awa.

A wod muka ƙarasa darasin. Wani dattijo ne da shanyewar ɓarin jiki, ba ya haɗiya, an sa masa robar abinci ta hanci. Muka tarar uwargidansa ta tallafo kansa tana ɗura masa ruwan rubutu da cokali, yana tari yana shaƙewa. Ɗaya daga cikin samarin ajin ya yunƙura zai karɓe kofin, na riƙe masa hannu. Wata ɗalibar ce ta durƙusa ta ce, "Sannu Hajiya, ya mai jiki? Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya, maƙogwaronsa ne bai farka ba tukuna, duk abin da ya bi ta baki huhu yake tafiya. Ki shafa masa a fuska da ƙirji, in ya so abin da ya rage mu tambayi likita ko za a ba shi ta roba." Matar ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ba wanda ya faɗa mini." Ta ajiye cokalin.

Haka yake ga masu kawo man addu'a daga coci, da masu kunu da shayi. Su ne ke kwana a gefen gado, su ne kan fara ganin canji. Mun yanke shawarar yin ƙaramin kati na masu jinya: kada a ba da komai ta baki sai an tambaya, kuma a kira nas idan numfashi ya canza, ko ya daina amsawa, ko fitsari ya tsaya.

Alhamis, 8 ga Janairu, 2026

Mun dawo daga hutun Kirsimeti da mutum goma. An mayar da biyu wani reshe. Lokacin zazzaɓin Lassa ne, don haka muka yi kare kai. Ba sai na je nesa neman misali ba. A Janairun 1969 aka kawo wata nas 'yar mishan, Laura Wine, daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa asibitin Evangel, wanda mutanen gari ke kira Jankwano, ta rasu a nan. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ta kamu ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke, kuma a Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar. Shekara guda bayan haka likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ta rasu a Fabrairun 1970. Da yawa cikin ajin a Jos aka haife su, ba su taɓa jin wannan ba.

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, ga ciwon maƙogwaro, balle a ga jini, a ware majinyacin a sanar, kada a jira tabbaci. Mun yi atisayen sa kayan kariya da cire su. Na shafa musu garin alli a safar hannu, bayan sun cire kowa ya duba jikinsa. Alli a goshi, alli a wuyan riga, alli a jikin waya. Wajen cirewa ake kamuwa, lokacin da mutum ya gaji yana ganin ya gama.

Laraba, 21 ga Janairu

Na zagaya wod uku na duba takardun awo na makonnin nan. Da rana layin numfashi ya fara motsi, ana ganin 17, 22, 26, ana haɗa maki. Na dare kuwa, daga sha biyu zuwa asuba, 20 ta dawo a wurare da yawa, har a hannun waɗanda suka fi ƙoƙari a aji. Da na bi jadawalin duti na ga dalili: nas ɗaya, wod cike, ga allurai ga ƙarin ruwa. Wannan ba darasi ne zai gyara shi ba. Na rubuta wa Matron cewa ko dai a ƙara hannu ɗaya da dare, ko a tattara masu maki 5 zuwa sama a gadaje huɗun da ke kusa da teburin nas. Na biyun ba ya cin ko kwabo, ta ce a fara ranar Litinin.

An yi amfani da ikon tsallakewa sau ɗaya. Majinyaciyar ta samu kulawa a kan lokaci, amma wanda aka tsallake bai ji daɗi ba, ya kuma nuna wa yarinyar a gaban mutane. Takardar da aka ce za a sa wa hannu har yau tana ofis. Gobe zan koma kanta, domin idan labarin nan ya zaga babu wadda za ta sake kira.

Abin da ya rage: lissafin ɗigon ruwa, lura da mai jijjiga da ke kan allurar magnesiyam, da gwajin ƙarshe a gefen gado. Katin masu jinya yana wurin mai bugawa. Batirin na'urorin yatsa ya fara rauni, ba a kuma fayyace aljihun da zai riƙa saya ba. Ina so mu kammala kafin azumi ya kama a watan gobe, saboda rukuni na biyu, wanda za a haɗa da ungozomomi, sai bayan Salla.